Muhammad Ahmad na Sudan da sunan Mahadi: Abin da na gano kafin ranar sunan ɗana

Ranar da matata ta haihu a Omdurman, tun ba a gama yi mana barka ba rigimar suna ta tashi. Mahaifina ya ce babu wata magana, sunan yaro Mahadi, domin sunan mahaifinsa ke nan, wato kakana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana noman auduga a tsibirin Aba cikin jama'ar Ansar. Surukina kuwa, dattijo mai karatu, ya aiko aka faɗa min cikin mutunci cewa shi bai ga dalilin da za a liƙa wa jikansa sunan mutumin da ya yi da'awar abin da ba shi ba ne. Ga ni a tsakiya, kwana bakwai kacal gare ni, kuma duk wanda na bi na ɓata wa ɗayan.

Aikina koyarwa a firamare. Na sha kiran sunan nan a rajista, akwai ma shekarar da Mahadi uku gare ni a aji ɗaya, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me yake nufi ba. A kwalejin horar da malamai an koya mana tarihin Mahadiyya, sai dai yaƙe-yaƙe ne da ranakunsu, don a ci jarrabawa. A wannan makon ne na koma kan littattafaina da wata tambaya daban: shin sunan na mutumin nan ne, ko tarar da shi ya yi? Abin da na samu shi zan ba mai karatu, tunda na san a Kano da Sakkwato da Maraɗi ma akwai Mahadi a gidaje da yawa.

Ma'anar sunan da asalinsa

Kalmar Larabci ce, daga tushen da ya ba mu hidaya, wato shiriya. Hadi shi ne mai shiryarwa, kuma Al-Hadi na cikin sunayen Allah. Mahadi kuwa shi ne wanda aka shiryar, yi masa aka yi, ba shi ya yi wa kansa ba. A wannan sigar kalmar ba ta zo a Alƙur'ani ba, 'yar'uwarta muhtadi ce ta zo. A farkon Musulunci kalmar yabo ce, har an siffanta halifofin farko da ita. Daga baya ta zama laƙabin mutum ɗaya da ake jira a ƙarshen zamani, wanda zai kawar da zalunci ya tsayar da adalci. Hadisan da suka ambace shi suna cikin Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah. Buhari da Muslim ba su kawo shi da wannan sunan ba, Ibn Khaldun kuma ya bi ruwayoyin ya soki da yawa daga ciki, amma akasarin malaman Sunna sun tafi a kan zai zo. Cikin alamomin da aka bayar akwai cewa zai fito daga zuriyar Nana Faɗima, sunansa irin na Annabi (SAW), sunan mahaifinsa kuma irin na mahaifin Annabi. Wato Muhammadu ɗan Abdullahi.

To a nan gizo ke saƙar, domin Muhammadu ɗan Abdullahi ai ba su ƙirguwa. Halifan Abbasiyawa na uku, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, mahaifin Haruna Rashid, sunansa ke nan, laƙabinsa kuma Al-Mahdi. Wanda ya kafa daular Faɗimiyawa a 909 ya ɗauki laƙabin, har ya gina birnin Mahdiyya a Tunisiya ta yau. Ibn Tumart na Maroko, wanda ya rasu a 1130, shi ma haka. Ka ga ke nan na Sudan ya zo ne ya tarar da dogon layi.

Ɗan masassaƙin jirgi

An haifi Muhammad Ahmad a 1844 a tsibirin Labab kusa da Dongola, arewacin Sudan. Mahaifinsa Abdullahi masassaƙin jiragen ruwa ne, danginsu kuma suna ɗaukar kansu sharifai. Neman katako ya sa iyalin suka yi kudu, suka sauka a Karari, arewa kaɗan da Omdurman, daga baya kuma Khartum. Yana yaro mahaifinsa ya rasu. 'Yan'uwansa suka riƙe sana'ar gado, shi kuwa ya ɗauki allo. Ya yi karatu a tsangayoyin da a nan muke kira khalwa, a yankin Jazira, sannan ya tafi wajen Shehu Muhammad al-Khair kusa da Barbar.

Ƙasar da ya taso a ciki tana hannun Masar ne tun daga 1821, mulkin da mutanen Sudan ke kira Turkiyya. Haraji ya yi nauyi, kuma da bulalar dorina ake karɓarsa. Daga baya sarkin Masar Isma'il ya fara naɗa Turawa Kiristoci gwamnoni, ciki har da Gordon na Ingila. Yaƙin da suka yi da fataucin bayi, mugun ciniki ne dai kam, ya ƙara musu maƙiya cikin manyan 'yan kasuwa. Talaka na kuka, attajiri na kuka, malamin ƙauye kuma na ganin addini ya koma hannun ma'aikatan gwamnati. Masu tarihinsa suna ba da labarin cewa tun yana almajiri ya ƙi cin abincin da ake sayowa da kuɗin gwamnati, yana ganin haƙƙin talakawa ne, sai ya je bakin kogi ya kamo kifinsa.

A 1861 ya shiga ɗariƙar Sammaniyya a hannun Shehu Muhammad Sharif Nur al-Da'im, ya yi shekara bakwai yana hidima kafin a ba shi izinin ba da ɗariƙa. Wajen 1870 ya bi 'yan'uwansa zuwa tsibirin Aba a kan Farin Nilu, ya haƙa kogo a gaɓar ruwa yana halwa a ciki. Sunansa ya bazu, masu jirgi na tsayawa neman addu'a. Daga nan ne suka saɓa da shehunsa. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce ya soki kaɗe-kaɗe da raye-rayen da aka yi a bikin kaciyar 'ya'yan shehun, aka kore shi, ya dawo neman gafara da toka a kansa aka ƙi karɓarsa. Sai ya koma wajen wani shehun Sammaniyya, Al-Kurashi wad al-Zain, wanda da ya rasu almajirai da yawa suka bi Muhammad Ahmad.

Ana cikin ginin hubbaren Shehu Al-Kurashi ne wani baƙo ya iso daga kudancin Darfur, Abdullahi ɗan Muhammadu, daga ƙabilar Ta'aisha, Larabawa makiyaya dangin waɗanda ake kira Shuwa a Barno. Shi wannan mutumin neman Mahadi ya fito. Ana ma cewa tun da farko ya taɓa gaya wa Zubair Pasha cewa shi ne, Zubair ya ce a'a. Da ya ga Muhammad Ahmad sai ya yi masa mubaya'a. Lokacin ma ya dace: ƙarni na 13 na Hijira na dab da ƙarewa, mutane sun ƙosa. Ga suna, ga sharifta, ga wushirya da tabo a kuncin dama, waɗanda jama'a ke ƙirgawa cikin alamomi.

Ranar da laƙabi ya zama da'awa

A watan Maris na 1881 ya gaya wa makusantansa a asirce. Ranar 29 ga Yuni ya fito fili, ya aika wasiƙu ga manyan ƙasar cewa shi ne Mahadin da ake jira, kuma Annabi (SAW) ne ya naɗa shi a farke, ba a mafarki ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya taɓa sunansa. Ya ajiye Ahmad ɗin da iyayensa suka raɗa masa, ya koma rubuta Muhammad al-Mahdi ɗan Abdullahi, daidai da ruwaya.

Daga nan duk abin da ya taɓa sai ya sake masa suna. Gwamna Ra'uf Pasha ya aika sojoji su kamo shi a Aba a watan Agusta, mutanensa masu sanduna da masu suka karkashe su. Ficewar da ya yi zuwa dutsen Kadir a duwatsun Nuba ya kira ta hijira, dutsen kuma ya mai da shi Masa, domin akwai ruwayar da ta ce daga wani wuri mai wannan sunan Mahadi zai ɓullo. Mabiyansa ya hana a ce musu darwishai, ya ce Ansar ne, kamar mutanen Madina. Ya naɗa halifofi a gurbin sahabbai: Abdullahi a gurbin Sayyidina Abubakar, Ali wad Hilu a gurbin Sayyidina Umar, ɗan'uwansa Muhammad Sharif a gurbin Sayyidina Ali.

Kujerar Sayyidina Usman ita ce ta zauna babu kowa, kuma labarinta ne ya fi amfanata a rigimar gidanmu. Ya rubuta wa shugaban ɗariƙar Sanusiyya da ke Jagbub a Libiya ta yau, yana ba shi ita. Sunan wannan shugaban kuwa Muhammad al-Mahdi al-Sanusi, shi ma an haife shi a 1844. Nasa Mahadin sunan yanka ne, mahaifinsa ya raɗa masa. Bai karɓi kujerar ba. Ya ci gaba da gina zawiyoyi da karantarwa a hanyoyin Sahara har ya rasu a 1902 a Guro, ƙasar Chadi ta yau, kuma ɗansa Idris ne ya zama sarkin Libiya. Sa'o'i biyu ke nan masu amsa suna ɗaya, kuma ɗayan bai bi ɗayan ba.

Malaman Khartum da na Kordofan, irin su Shakir al-Gazi da Al-Amin al-Darir da Ahmad al-Azhari, sun rubuta raddi, suna cewa sauran alamomin ba su cika a kansa ba, tunda ba a Makka aka yi masa mubaya'a ba. Shi kuma ya ce musu miyagun malamai masu cin albashin azzalumai. Ya ƙara da hukuncin da ya fi kowane nauyi: duk wanda ya yi shakkar Mahadiyyarsa ya kafirta. Da wannan ne yaƙi da Musulmin da ke cikin sojan Masar ya zama jihadi a wurinsa.

Daga Aba zuwa Khartum

Nasara ta yi ta bin nasara, kowacce kuma a wurin jama'a hujja ce. An murƙushe rundunar Rashid Bey a Disambar 1881, an gama da ta Yusuf Pasha al-Shallali a tsakiyar 1882. Harin farko a kan birnin Al-Ubayyid ya ci mabiyansa dubbai, har da 'yan'uwansa na jini, sai ya koma ƙawanya, birnin ya miƙa wuya a Janairun 1883. Ranar 5 ga Nuwamba na shekarar aka shafe rundunar Hicks Pasha a dajin Shaikan, mutum wajen 10,000, 'yan kaɗan suka tsira. Gwamnan Darfur, Rudolf Slatin ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya riga ya ce ya musulunta ya ɗauki sunan Abdulƙadir, ya miƙa wuya a Disamba. A gabas kuma Usman Digna ya hana Turawa sakat a bayan Sawakin.

Gordon ya dawo Khartum ranar 18 ga Fabrairun 1884 don ya kwashe mutanen Masar. Ya aika wa Muhammad Ahmad tayin sarautar Kordofan tare da kyautar tufafi. Ya mayar masa da kayansa, ya haɗa masa da jibba mai faci irin ta Ansar, ya gayyace shi Musulunci. Wanda yake ganin shi Mahadi ne, me zai yi da sarautar lardi? Aka kewaye Khartum wata goma, yunwa ta kama gari. Da ruwan Farin Nilu ya janye ya bar kafa a gefen ganuwa, sai Ansar suka afka da asubahin 26 ga Janairun 1885. An kashe Gordon, an kuma kashe mazauna gari da yawa da ba su ji ba ba su gani ba. Jiragen agajin Ingila sun iso bayan kwana biyu, suka juya.

Bai zauna a Khartum ba, birnin Turkawa ne a wurinsa. Ya tsallaka yamma da kogi ya sauka a Omdurman, wadda a lokacin ƙauye ce da sansanin soja. Garin da nake koyarwa a ciki daga nan ya samo girmansa, kuma har yau unguwanni irin su Baitul Mal da Mulazimin suna ɗauke da sunayen wancan zamanin. A dokokinsa ya hana taba da giya da kururuwar makoki, ya rage sadaki don talaka ya yi aure. Ya kuma soke ɗariƙu da bin mazhabobi, aka ƙona littattafai da dama, ya sa jihadi gaba da aikin hajji. Ya tsara wa mabiyansa wuridi, Ratib, wanda 'yan Ansar ke karantawa safe da yamma har gobe.

Ya yi wa jama'arsa albishir cewa zai yi salla a Makka da Ƙudus. Bai ko fita Sudan ba. Wata biyar bayan cin Khartum zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Omdurman ranar 22 ga Yunin 1885, cikin watan azumi, bai cika shekara 41 ba.

Ina ruwan Bahaushe da wannan labarin?

Ruwanmu da tsaki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, mutane sun so su ce shi ne Mahadi, ya musanta a fili kuma ya rubuta gargaɗi a kan haka, amma ya karantar cewa zamaninsa ya kusa. Maganar cewa jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa gabas su tarye shi ta zauna a zukata. Da labarin Sudan ya isa ƙasar Hausa, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wato Hayatu ɗan Sa'idu, wanda ke zaune a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Fadar Sakkwato ba ta karɓa ba. Hayatu ya haɗa kai da Rabeh, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a 1898.

Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da ragowar mutane har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake yanzu. A 1906 kuma aka yi tashin Satiru kusa da Sakkwato da sunan Mahadiyya, aka shafe garin. Iyayen kakana suna cikin masu tafiyar ƙasa da suka biyo wannan hanyar da niyyar hajji, guzuri ya ƙare suka zauna. Yawancinmu Hausawan Sudan labarinmu ke nan.

Abin da ya bari

Halifa Abdullahi ya riƙe ƙasar shekara 13 cikin yaƙe-yaƙe da Habasha da Masar, da rigingimun cikin gida, da muguwar yunwar shekarar 1306 ta Hijira wadda tsofaffi ke kira Sanat Sitta. Ranar 2 ga Satumban 1898 Kitchener ya zo da bindigogi masu ruwa. A filin Karari, inda Muhammad Ahmad ya yi yarinta, Ansar wajen 11,000 suka faɗi cikin safiya ɗaya, na ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Aka rushe hubbaren, aka tono gawar aka jefa a kogi, abin da ko a Ingila sai da aka yi tir da shi. An kashe Halifa a Umm Dibaikarat a Nuwambar 1899.

Ɗansa Sayyid Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwarsa, shi ya sake tara Ansar, da noma da siyasa maimakon takobi. Gonakin audugarsa na Aba sun ɗauki mutanen yamma da yawa irin kakana. A ƙarƙashin inuwarsa aka kafa jam'iyyar Umma a 1945, ya sake gina hubbaren a 1947. Jikansa Sadik al-Mahdi ya yi firaminista sau biyu, daga 1966 zuwa 1967 da kuma daga 1986 zuwa 1989, ya rasu a 2020. Laƙabin ƙarshen zamani ya koma sunan zuriya, ana rubuta shi a fasfo.

Ni dai ga inda na tsaya, da girmamawa ga maƙwabtana 'yan Ansar da ba za su yarda da ni ba. Ban gaskata shi ne Mahadin da ake jira ba, domin ya rasu duniya na nan yadda take, kuma kafirta Musulmi don sun yi shakkarsa abu ne mai nauyi da ya jawo zubar da jini. Amma ba zan iya kiransa mayaudari ba. Mutumin da ya ƙi abincin haram yana almajiri, ya ƙi sarauta da aka miƙa masa, ya haɗa ƙabilun da ba su taɓa haɗuwa ba suka kori mulkin zalunci cikin shekara huɗu, alamu sun nuna ya yarda da abin da yake faɗa. Hisabinsa na wurin Allah.

Ana gobe suna na je gidan surukina bayan isha'i. Na durƙusa na gaida shi, na kawo masa zancen ma'anar kalmar, da labarin Sanusi da mahaifinsa ya raɗa masa sunan kuma bai yi mubaya'a ba. Na ce masa ni abin da nake nufi da sunan addu'a ce, Allah ya shiryar da yaron, kuma kakana nake tunawa. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce ai shiriya ba wanda zai ƙi roƙa wa jikansa, amma in tabbatar na gaya wa yaron bambancin idan ya girma. Na yi masa alkawari.

Da safe aka yanka rago, liman ya faɗi suna, Muhammadu Mahadi. Abin dariyar shi ne bayan duk wannan kai-kawo, ba wanda ke kiran sunan a gida. Mahaifina ba ya iya faɗin sunan mahaifinsa, sai ya ce Abba, kowa kuma ya bi, har surukina. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba mu da gida ya kuma jinkirta masa shiga makaranta, don haka sai bana, in Allah ya zaunar da ƙasa, wani malami irina zai buɗe rajista ya kira shi da sunansa na yanka. Kafin ranar nan zan cika alkawarin da na yi wa kakansa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba Sudan zaman lafiya, amin.